Maɓallin da Yake Girma

Lahadi, hoto na bakwai

Zuwa ga Zomo, maigidana na nesa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kana cin abinci a kan lokaci, kuma yaran da kake koya wa lissafi suna samun ganin allo duk da kunnuwan nan naka. Mu nan lafiya lau, in aka cire abin da ka sani.

Wayar da ka aiko ta iso, mamanka ta nuna mini inda ake dannawa. Hoto dai na iya. Rubutu a cikinta kuwa ya gagare ni, in na taɓa harafi ɗaya sai uku su fito. Kira kuma ba zai yi ba, don kakanka ƙafa ce ta same shi, kunnensa yana nan garau, yana jin faɗuwar allura daga ɗaki na biyu. Shi ya sa na koma takarda da biro. In na gama sai in ɗauki hoton takardar in turo maka. Kada ka gyara mini rubutu. Aji huɗu na yi, kuma da shi na reni wadda ta haife ka.

Ga yadda aka yi a asibiti, tunda mamanka da kuka take ba da labari, ba a tsintar komai. Mikin yana ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Likita ya ce ciwon suga ne ya hana shi warkewa. Ya ba mu sati shida. In ya ragu da rabi, a ci gaba da wanki da bandeji a gida. In bai ragu ba, za a kwantar da shi a yanke abin da ya mutu, ko yatsa ne ko ya wuce yatsa, sai sun buɗe sun gani. Duk wannan bayanin kakan naka Tela wuyan rigar likitan yake kallo. Da muka fito ya ce wanda ya ɗinka rigar nan bai san aikinsa ba.

Asibitin mota biyu ne daga nan, ga shi an hana shi taka ƙafar, sai wata nas mai tabarau ta ce ba sai mun riƙa zarya ba. Kullum da safe in na wanke mikin in ɗauki hotonsa, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kai kuma ka haɗa na sati ka tura mata. Ta ce a ajiye wani abu a gefensa wanda girmansa ba ya canzawa. Na ce ga tef ɗinsa na awo. Ya ce tef ɗin da ake ɗora wa mutane a kafaɗa ba zai kusanci miki ba. Ya laluba aljihu ya fito da baƙin maɓalli mai huda huɗu. Nas ta auna shi da rula ta rubuta a kati. Ta nuna mini wani ɗan akwati da yake fitowa a tsakiyar fuskar wayar, ta ce in matsa gaba ko baya har maɓallin ya cika shi daf, sannan in danna. Ranar farko miki da maɓalli kansu ɗaya.

Haka muke yi ƙarfe tara, a kujerar bakin taga. In shimfiɗa tawul ɗin nan mai ratsin shuɗi, in wanke da ruwan gishiri, shi kuma ya ajiye maɓallin da hannunsa, wai nawa hannun rawa yake yi. In mun gama ya goge abinsa ya mayar aljihu.

Sai na ga ba a kyauta wa wayar ba, sabuwa fil, a ce rayuwarta ta ƙare a kallon ƙafar tsoho. Don haka na yanka wa kaina hoto ɗaya kullum wanda ba ruwan likita da shi. Na ɗauki butar shayi. Na ɗauki tsagar bangon da ke bayan firji, wadda tun da daɗewa nake cewa ta yi kama da hancin babanka. Jiya na ɗauki kakanka yana barci baki buɗe. Wannan na ajiya ne, ranar da ya yi mini gardama zan turo maka ka nuna wa abokanka.

Ka gaishe da mutanen gidanku. Ka yi aski.

Ni ce matarka da ba ka taɓa yi wa cefane ba,
Kaka

Lahadi, hoto na ashirin da ɗaya

Zomo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Na ga saƙonka, na kuma ga ka sa mini alamar tambaya a inda ban sa ba. Na ƙyale ka.

Na ji abin da nas ta ce, wai a hoto mikin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mun gode Allah. Mamanka ta daina kuka ta koma faɗa, alamar hankalinta ya dawo jikinta ke nan. Ta zo ta kwashe sukarin gidan kaf, har wanda na ɓoye a gwangwanin madara. Ni da ba a ce ina da ciwo ba, da ni ake shan shayi salam.

Tela ya sake. Yana wasa da kyanwa, yana sauraron rediyo. Har cewa yake in fita in sha iska in yi hotunana, kada in zauna ina gadinsa kamar tukunya a wuta. Shekara hamsin da ɗaya muna tare ban taɓa jin wannan maganar daga bakinsa ba, sai na karɓa tun bai canza ra'ayi ba. Yanzu kullum bayan azahar nakan yi awa guda a waje. Na ɗauki mai gyaran takalma na bakin layi da takalman da masu su suka manta, duk ƙafa ɗaiɗai. Na ɗauki mata uku a tashar mota kowacce tana kallon gefen da motar ba ta nan za ta fito ba. Na ɗauki igiyar shanyar maƙwabta, na gano mijin ya ƙara ƙiba. In na dawo kuma nakan ɗauki kyanwar a kan keken ɗinki, don tunda aka rufe shi da zane ta mai da shi gadonta. Wannan ƙari ne, kada ka ce na karya doka.

Ka tambaye ni me ya sa ba ya son a ambaci asibiti a gabansa. Kana ƙarami lokacin. Yayansa, wanda ya koya masa ɗinki, irin wannan ciwon ne ya kama shi. Da ƙafarsa ya shiga, aka ce yatsa ɗaya za a cire, ya fito ba ƙafa daga gwiwa. Bai cika shekara ba ya rasu. Keken da ke ɗakinmu nasa ne. Tela bai taɓa yi mini zancen ba, ni ma ban taɓa tayarwa ba.

Ka gaya wa mamanka ta taho da auduga. Ban san yadda aka yi ba, ƙunshin da yake yi mana sati yanzu kwana huɗu ne. Bayana kuma ya yi sauƙi, ba na sunkuyawa sosai wajen hoton kamar da. Da alama na ƙware.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mata mai haƙurin kunne.

Kakarka

Juma'a, hoto na talatin da uku

Zomo,

Ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma kada ka kira mamanka sai ka kai ƙarshe.

Ranar Talata ina layi a kantin magani, ba abin yi, sai na shiga jan hotunan ƙafar da yatsa, daga na farko zuwa na ƙarshe, da sauri. Sai na ga ƙafar tana ja da baya kamar mai fita daga ɗakin surukai. A hoton farko miki ne da maɓalli da ratsin tawul uku, shi ke nan. A na goma yatsu sun shigo. A na ashirin diddige ya shigo. A na talatin har da ƙafar kujera da wutsiyar kyanwa, ratsin tawul kuwa bakwai. Maɓalli yana nan yadda yake, ya cika ɗan akwatinsa daf. Na ce a raina, ɗayan biyu ne: ko ƙafar kakanka tana komawa ta jariri, ko maɓallin ne yake girma.

Sai na koma hotunan kyanwa. Gefen zanen da aka rufe keken da shi ba ya sauka duka, ana ganin zaren da ke sama. Litinin fari ne. Laraba shuɗi. Asabar kore. Kyanwa dai ba ta ɗinki.

Da na dawo gida Tela yana banɗaki, na ja aljihun keken. Suna nan a jere a zare ɗaya, maɓallai biyar, baƙaƙe, huda hurhuɗu, kowanne ya ɗara na bayansa da kaɗan, kaɗan ɗin da sai idon tela. Na shida yana aljihunsa. Ashe duk bayan kwana biyar ko shida yake canza shi, ni kuwa ina ta ja da baya don ya shiga akwati, ina murna bayana ya warke. Mikin bai ragu ba, Zomo. Na ɗora na farkon a gefensa, mikin ya kusa ninka shi. In na fita shan iska kuma sai ya karɓi facin maƙwabta ta taga, ya taka keke awa guda, ya rufe, ya ɗora kyanwa.

Kai malamin lissafi ne, hoto talatin ka duba. Nas da tabarau ta duba. Ni da hannuna nake wankewa kullum. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Nawa ya sani, auduga ma ta gaya mini, hancina ma ya gaya mini tun wancan satin. Na fi son abin da wayar ta ce, shi ke nan.

Ban yi faɗa ba. Da safe na kawo masa shayi, na jera maɓallan biyar a faranti kusa da kofin. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya gyara na uku da na huɗu, wai na sa su ba daidai ba. Na tambaye shi har zuwa ina ya yi niyyar kaiwa, ya ce yana da na kwat babba guda biyu, da sun isa sati shidan. Na ce daga nan fa, murfin tukunya? Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya ma yatsa aka ce masa. Ki bar ni in cika kwanakin da aka ba ni, wataƙila ya juya." Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Mutumin da ya yi shekara sittin yana yanka yadin mutane ba ya ko ƙifta ido, amma an ce wanzami ba ya son jarfa.

Ga nawa laifin, ka rubuta shi kusa da nasa. Laraba da Alhamis da yau, da maɓalli na shida na ɗauki hoton, ina sane, na turo maka. Tunanina shi ne in na faɗa aka yanke, ni na yanke. In na yi shiru ya ci gaba da ruɓewa, nan ma ni ce. Na auna na auna, ba inda ya fi sauƙi. Yau da na kwance bandeji na ga gefen yatsan ya yi duhu, kuma da na taɓa shi da auduga bai san na taɓa ba, yana ta ba ni labarin abin da aka ce a rediyo.

Hoton da ke biye da wannan takardar shi ne na gaskiya, da maɓallin farko. Na ɗauka yana kallona, bai janye ƙafar ba. Ka tura wa nas yanzu, kada ka jira Lahadi. Ka ce mata tsohuwar ta ce a yafe mata. Sannan ka kira mamanka ta nemo mota. Ka ce ta gama kukanta a hanya.

Hotona na yau maɓallan ne a faranti. Bai yi kyau ba, hannuna ya yi rawar da ake zarginsa da ita.

Kaka

Litinin, daga asibiti

Zomo,

Gaisuwa. A kan gwiwata nake rubutu, ka yi haƙuri da karkacewar layi.

An shiga da shi jiya da safe, an fito kafin azahar. Babban yatsa da na kusa da shi sun tafi, da ɗan abin da ke ƙarƙashinsu. Ƙafar tana nan. Likita ya ce da an cika sati shidan, da ba a nan wuƙarsa za ta tsaya ba, ya nuna wurin a tasa ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan. A gaban Tela ya faɗa. Tela yana kallon silin.

Nas ta nemi ganin maɓallan. Ta jera su a tafin hannunta, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce daga yau rular takarda za ta riƙa raba wa mutane.

Ba ya yi mini magana. Yana yi wa mamanka, yana yi wa mai shara, yana yi wa na gadon kusa da shi, har ya gaya masa wandonsa ya yi masa tsawo. In ni ce na miƙa ruwa sai ya karɓa kamar daga famfo ya zubo.

Hoton ƙafa babu, a naɗe take. Nawa na yau takalmansa ne a ƙarƙashin gado. Mamanka ta ce me zan yi da shi, na ce ban sani ba tukuna.

Ba sai ka zo ba, yara suna jarrabawa.

Kakarka

Alhamis, gida

Zuwa ga maigidana Zomo,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, ka kuma gama makin jarrabawa ba ka kayar da 'ya'yan mutane ba. Ka tuna kai ma an ba ka hoto talatin ka faɗi.

Mun dawo gida kwana tara ke nan. Mamanka ta cire bel ɗin keken ta tafi da shi gidanta a jaka, ta ce sai likita ya sa hannu. Maƙwabta sun zo duba shi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa, don duk wanda ya shigo na san launin zaren da aka yi masa faci da shi. Hoto kawai na ɗauke su.

An ce a ci gaba da hoton ɗinkin da aka yi masa har ya haɗe, kullum ƙarfe tara. Rular takardar da nas ta ba mu ta jiƙe da ruwan gishiri tun kwana na biyu ta narke. Na duba ɗakin ina neman abin da babu irinsa shida a gwangwanin maɓallan kakanka, ban samu ba. Sai na ɗora babban yatsana na hannun hagu a gefen wurin, na danna da dama. Nas ta ce ya yi, tunda ta gan shi ta auna. Haka muke yi. Ratsin tawul uku ne a kowane hoto, nakan ƙirga kafin in tura, kai ma ka riƙa ƙirgawa.

Wurin yana haɗewa, a hankali. Wannan karon ba wayar kaɗai na tambaya ba. Auduga tana kai sati.

Shirun kuwa ya ci gaba. Kwana goma sha tara ina zaune da mutum kamar da kabad. Abinci yana ci, magani yana sha, in yana son abu sai ya gaya wa kyanwa da ƙarfi. Ni ma sai in ba kyanwar amsa. Ban ba shi haƙuri ba, don ban san a kan me zan bayar ba, shi ma bai ce na yi daidai ba. Wani lokaci nakan gan shi zaune yana motsa ƙafar hagu sama da ƙasa a kan tabarma, yana gwada ta, kamar mai koyon keke a ɓoye. Ban ɗauka ba. Akwai abin da ba na hoto ba ne.

Yau da safe na wanke, na shimfiɗa tawul, na ɗora yatsana, ina neman akwatin. Sai na ji ya kama hannun nawa ya juya shi wajen haske, yana dubawa kamar yadin da ake shakkar ingancinsa. Ya ce, "Farcen nan ya ƙaru tun wancan satin. Ki yanke shi, kada a ce ni ne."

Na ce almakashin gidan duk nasa ne, kuma an hana ni taɓawa tun ina amarya. Ya ce in miƙo ƙaramin da ke aljihun keke. Shi ya yanke, ya daidaita shi da na hoton farko da yatsan ya fito a ciki, ya sa na buɗe hoton yana kwatantawa. Sannan na ɗauka, ƙarfe tara da minti ashirin. Ka gaya wa nas dalilin lattin.

Hoton barcin nan na baki buɗe yana nan, ban goge ba. Tunda bakin ya dawo aiki, ba za a daɗe ba a buƙace shi.

Ka gaishe da kowa. In za ka zo hutu ka taho da wandon da ya yage, amma ka ba ni a hannuna, ba ta taga ba.

Ni ce taka har kullum, ko da cefane ko babu,
Kaka